Kwamfutar Hajiya Lami Mai Ƙwaƙwalwa Biyu

Aikin farko da Oga Kola ya ba ni shi ne yi wa matattun kwamfutoci fiɗa. Ya jawo wani allo da ya ƙone daga ƙarƙashin tebur, ya miƙo min ƙarfen darma, ya ce in cire duk wani ɗan abu da ke manne a jiki, in jera su a gwangwanin madara, kuma kada ƙafar ko ɗaya ta karye. Ku masu koyon aiki da kuke shigowa shagon nan da waya a hannu, ku kalli bidiyo, ku kwance allo ku saka sabo, sannan ku ce sana'ar ba wuya, da ku aka ba wannan aikin da kafin la'asar kun gudu. Ƙafafun nan sun fi tsinken tsintsiya siranta. In ka daɗe da wuta ka dafa abin, in ka yi gaggawa ka fizge masa ƙafa. Na daɗe ina wannan kafin a bar ni in taɓa kwamfutar da ke da rai.

Ni mutumin Malumfashi ne, kuma gyaran rediyo na fara a kasuwarmu. Na zo Abuja lokacin da sojoji suka koma bariki, 'yan siyasa suka shigo gari da manyan riguna. Kuɗin mai na ta shigowa, gine-gine na tsirowa ta ko'ina, kowace ma'aikata tana sayen kwamfuta. Wani ɗan garinmu mai gadi ne ya haɗa ni da Oga Kola, Bayaraben da ya yi aiki a ɗakin kwamfutar wani banki a Legas tun ana ajiye ta a ɗaki guda ita kaɗai. Yana da kwantena a Wuse, ya buɗe mata taga ya sa mata fanka. Hausarsa irin ta Abuja ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa.

“Haruna,” in ji shi ranar farko, “kwamfuta ba ya ƙarya. In ya ƙi aiki, akwai dalili. Kai ne ba ka tambaye ta da kyau ba.”

Kayan aikinmu ba su cika jakar hannu ba. Akwai ƙarfen darma, da mita mai allura wadda ake gwada wuta da ita, da wani ɗan famfo mai tsotse narkakkiyar darma, da gilashin ido ɗaya da Oga ya saya a wajen mai gyaran agogo. Sai tsohon buroshin haƙori na wanke allo. Ranar da babu wuta, muna da ƙarfen jan ƙarfe da muke ɗorawa kan risho, ka ɗauko ka liƙa waya biyu ko uku ka mayar kafin ya huce. Amma kayan aikin da Oga ya fi ji da shi hanci ne. Kafin ya kwance ko da noti ɗaya sai ya kai hancinsa bakin fankar kwamfuta ya shaƙa. Warin kafasita daban, warin tiransifoma daban, warin ɓeran da ya yi gida a ciki shi ma daban. Ni ma har yau haka nake yi, shi ya sa kuke ganina ina sunsuna kayan mutane kuna dariya a ɓoye.

Masu kawo mana aiki yawancinsu mutanen ma'aikatu ne, kuma mun ji daɗinsu. Wata rana aka aiko mota daga ofishin wani darakta, an ce kwamfuta ta mutu ga takarda za a kai wa minista. Muka je, Oga ya leƙa bayan tebur ya ga mai shara ce ta cire filogi ta jona butar shayi. Ya buɗe jaka, ya fito da mita, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, sannan ya sunkuya ya mayar da filogin. A mota na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Ya ce da ya faɗa, matar nan yau za a kore ta, darakta kuma ya ji kunya a gaban yaransa, mu kuma ba za a sake kiranmu ba. Wannan daraktan daga baya shi ya riƙa zaunar da ni yana karanta min littattafan da ke zuwa da injuna, yana fassara min Turancinsu, don shi ma yana son ya san abin da ke cikin akwatin.

Da idon Oga ya fara rauni, hannunsa kuma ya fara rawa, sai ya ce shi ya gama. Ya sayi gona a Karshi ya koma noman doya, ya bar min kwantenar da gwangwanayen kayan da muka tara. Na ɗan yi shekaru ina cin gashin kaina lafiya lau. Sai shekarar rusau ta zo.

Wata safiya muka tarar an shafa wa layinmu jan fenti kaf. Muka kwashe abin da za mu iya, katafila ta zo ta yi nata aikin. Na kai kayana ɗakin wani abokina a bayan gari, damina ta zo, rufin ya yi yoyo, alluna da yawa suka yi tsatsa. A shekarar ne kuma sabbin kwamfutocin cinya suka cika gari, ofisoshi suka daina gyara, in abu ya lalace a jefa sito a sayo wani. Na koma ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kusa da wani masallaci a Garki, da ɗan tebur da lema. Wani lokaci in wuni ban gyara komai ba sai tocila. Ɗan baffana da ke sayar da lemo da abarba a Zuba ya yi ta kirana in je mu haɗa hannu, har na ce masa ya bari a yi Sallah, zan zo.

Ko kujera ban tsira da ita ba a rusau ɗin, don haka kan wata tsohuwar kwamfuta nake zama. Da ita da irinta a da ake kira kwamfutar tafi-da-gidanka, amma kada ku kawo ta cinya a ranku. Akwati ce guda mai mariƙi a sama, nauyinta ya kusa rabin buhun siminti. In ka ɓalle murfin gaba, shi ne kibod. A ciki ga ɗan sikirin kamar tafin hannu mai rubutu kore, ga baki biyu na saka manyan faifan nan masu laushi da ke lanƙwasawa kamar kwali. A gwanjon wata ma'aikata na same ta cikin tarkace. Tana aiki sarai, sai dai babu mai so, ga ta kuma daidai tsayin zama.

Ana cikin azumi wata mota ta tsaya gaban bishiyar, wata mata mai jiki ta fito da zare a maƙale a mayafinta. Ta yi sallama, ta ce ita ce Hajiya Lami, tana da gidan ɗinki a Tungan Maje, wani limami ne ya kwatanta mata ni.

“Kai ne yaron Kola? An ce in ba ku ba, babu mai gane tsofaffin kaya a garin nan.” Ta dubi abin da nake zaune a kai. “Au, har keken ɗinki kake gyarawa?”

Na ce mata kwamfuta ce, Hajiya. Ta ce to, ita ma kwamfutar ce ta hana ta barci, in tashi mu je.

Gidan ɗinkinta babban zaure ne mai rufin kwano, teloli maza da mata sun jeru da kekuna. A tsakiya ga wani dogon inji na yi wa riguna aiki, tokumbo ne, wato na hannu daga waje, da ta sayo ta Legas, mai kawuna da yawa, kowane kai da allurarsa da zarensa. Da injin nan ta yi suna. Lokacin kowa ya tuɓe kaki da kwat ya koma babbar riga, kansila ma sai ya sa aska takwas. Aikin da mai hannu zai yi wata yana yi, injin zai gama shi kafin azahar. Shaddodin mutane na Sallah ga su nan jibge har sun kusa taɓa taga, an yanka, an haɗa, aiki kawai ake jira. Injin kuwa shiru.

A gefensa akwai akwatin da ke ba shi umarni, wata 'yar kwamfuta ce ta musamman. An ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi, akwatin ya yi ƙara ya yi hayaƙi. Na shinshina, na buɗe, na ga rabin allon ya zama gawayi. Hajiya ta ce ta buga wa wanda ya sayar mata, ya ce kamfanin ma ya daina yin irinsa tun tuni. Wasu samari sun zo da sabuwar kwamfuta, suka rasa inda za su saka faifan, suka rasa inda za su jona igiyar injin, suka sha lemo da magariba suka tafi.

“Malam Haruna,” in ji ta, “shaddar da kake gani ba tawa ba ce, kuma na riga na sa mata almakashi. Ba a mayar wa mutum da yankakken yadi. Mutanen nan da ke zaune kuwa, kowa da bakunan da yake ciyarwa da injin nan. In Sallah ta zo riguna ba su fita ba, sai dai in rufe ƙofa in koma Bida.”

Ta ɗauko faifan daga cikin wani kwanon samira inda take ɓoye su. A cikinsu manhajar injin take, da duk zanen aikin da ta tara, aska biyu, aska takwas, tambari, da waɗansu da ita ta sa aka zana mata. Ina ganin girmansu na tuna da kujerata. Irin bakinta ne. Igiyar injin ma da na duba kanta, irin ramin da ke bayan kujerar ne.

Washegari na ɗauko ta a bayan mota zuwa Tungan Maje, teloli na ta tambaya ko kayan lefe na kawo. Na saka faifai, ya juya, ta karanto abin da ke ciki, amma da na ce ta yi aiki da manhajar sai ta daskare. Na kashe na kunna, haka dai. Nan na buɗe ta na duba ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ɗan baƙin abin nan mai ƙafa arba'in da ke yin duk lissafi. Na duba ta ƙonannen akwatin. Ba gida ɗaya suka fito ba. Kowace furosesa da yarenta, manhajar da aka rubuta wa wannan, waccan ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki. Kamar ka tsayar da Bagwari ka yi ta masa Barbarci. Abu ɗaya da ya yi min daɗi, furosesar ƙonannen akwatin a soket take zaune, nesa da inda wuta ta ci, kuma da alama da ranta. Na zare ta a hankali na naɗe a takardar sigari mai ƙyalli, na ce wa Hajiya zan je Karshi.

Na tarar da Oga Kola a gona da malfa, yana kafa wa doya sanda. Na yi masa bayani, na ce tunanina in cire ta kujerar in dasa wannan a gurbinta. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Ka cire maigida ka sa baƙo? Baƙo ya san inda makulli take? Sikirin, kibod, faifai, duk maigida suka sani. In ka cire shi, gidan ba zai ma farka ba.”

Na ce to ke nan babu hanya.

“Akwai. Ka taɓa ganin tirela mai zuwa Zuba daga kudu? Direba biyu ne a ciki, sitiyari ɗaya. Wannan yana tuƙi, wancan tana barci. Matsala guda ce kawai, kada su kama sitiyari tare.”

Ya tsuguna ya zana min a ƙasa da tsinke. Za mu bar maigida a inda yake. Mu yi wa baƙo ɗan allo nasa, mu jona shi a kan hanyoyin da maigida ke bi zuwa ma'ajiyar tunani. In an kunna, maigida ya tashi ya buɗe gida, ya ɗebo manhaja daga faifai ya ajiye, sannan ya saki sitiyari ya kwanta. Baƙo ya karɓa ya yi ta ba inji umarni. Duk lokacin da baƙo ke son wani abu daga faifai ko yana son ya rubuta a sikirin, sai ya ƙwanƙwasa, maigida ya farka ya yi masa, ya koma barci. Oga ya ce ɗan umarnin da zai koya wa maigida wannan ladabi shi zai rubuta, don har yanzu yaren biyu na kansa. Amma ido da hannu sai dai nawa.

Hajiya ta aika mota ta ɗauko shi, ya zo da doya cike da but. Aka ba mu wani ɗaki a bayan zauren, mai taga babba, don aikin ba ya yiwuwa sai da hasken rana. Allon baƙo daga wani mataccen allo na yanko shi da zarto, na kankare tsofaffin hanyoyinsa. Waya kuwa, tsohuwar igiyar tarho na feɗe, irin mai ƙananan wayoyi kala-kala a ciki, don in riƙa gane wace ta tafi ina. Kowace ƙafa ta baƙo sai an kai ta inda 'yar'uwarta take a jikin maigida, kuma ba a jere suke ba, ta uku a nan tana iya zama ta talatin a can. Oga na zaune kan buhun ƙyallaye yana kira, ni ina liƙawa da gilashi a ido.

“Ja, daga ƙafa na goma sha biyu.”

“Na sa, Oga.”

“Ka gwada da mita.”

“Na gwada.”

“Ka sake gwadawa. Azumi kake, idonka yana ganin abinci.”

Shi ba ya azumi, amma bai taɓa cin komai a gabana ba, sai ya zagaya bayan gida ya ci doyarsa da manja ya dawo yana goge baki. Kafin in taɓa kowace ƙafa sai na zare ƙarfen darma daga wuta, don wutar janareta ba ta da amana, kuma furosesar nan ita kaɗai gare mu a duniya. In ta mutu, magana ta ƙare.

Gwajin farko, muna kunnawa sikirin ya cika da tarkacen haruffa suna gudu kamar tururuwa. Na kai yatsa kan baƙo na ji ya fara zafi, na yi maza na kashe. Direbobin sun kama sitiyari tare. Maigida yana cewa ya saki, amma baƙo ba ya jira a gama sakin. Oga ya sosa gemu, sannan ya ce muna bukatar ɗan sanda a tsakani, wasu ƙananan cif masu tsare hanya, waɗanda ba sa barin kowa ya wuce sai an ɗaga masa hannu. Babu mai sayar da su a Abuja a lokacin. Na juye gwangwanayen madarar nan a kan tabarma, muka yi ta tona, Oga na kai kowane ɗaya kusa da hancinsa yana karanta lambar da ƙyar. Muka samu guda uku, ɗaya ya mutu, biyu na da rai, kuma biyun muke so.

Kullum Hajiya sai ta leƙo ta taga. Ba ta taɓa cewa mu yi sauri ba. Sai dai ta ce, “Malam Haruna, an sha ruwa lafiya jiya? Wai an ce watan bana ba zai cika talatin ba.” Ta wuce. Masu riguna kuma sun fara aiko direbobi, tana tarbarsu da fara'a tana cewa ana kai.

Gwaji na biyu, sikirin ya yi duhu na ɗan lokaci, sai ga sunan manhajar injin ya fito da koren rubutu, yana tambaya wane zane ake so. Oga ya cire malfa ya jefa sama. Muka kinkimi kwamfutar zuwa zaure, muka jona igiya, teloli duk suka tsayar da kekuna suka kewaye mu. Aka ɗaura wani ƙyallen gwaji, Hajiya da kanta ta zaɓi aska biyu, na danna.

Injin ya zabura kamar an tsikare shi. Ƙarfen da ke riƙe da yadi ya riƙa fizga hagu da dama, zare na tsinkewa, allura ɗaya ta karye ta yi tsalle ta faɗa cikin kofin wani. Kafin in kai hannu in kashe, ya riga ya zana wani abu. Aka ciro ƙyallen aka ɗaga. Wata tela ta ce wannan ai ƙadangare ne mota ta taka. Zauren ya kwashe da dariya, har Hajiya sai da ta zauna tana share hawaye, ko da yake na ga idonta ya koma kan tulin shadda.

Akwai wani dattijo a gidan, Baba Nda, wanda ke aikin hannu tun kafin a kawo inji, shi ne kuma ke kula da zarensa. Ya matso ya ce, “Ɗana, ni ban san abin da ke cikin akwatinku ba. Amma da ba haka yake tafiya ba. Da haka yake.” Ya fara tafa hannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tafa irin na yau, da sauri kamar ana kiɗan kalangu.

Oga ya dafa kafaɗata. “Kiɗa ne, Haruna. Mun sa shi rawa da gangar maigida.”

Ga abin da ya faru. Kowace furosesa tana da ɗan wani ƙarfe da ake kira kiristal, shi ke buga mata kiɗan da take takawa, kamar makaɗin gayya da manoma. Mu kuwa mun jona baƙo da kiɗan maigida, wanda ya fi nasa na asali sauri. Manhajar kuma da bugun kiɗan take auna lokacin da allura za ta sauka da lokacin da yadi zai matsa. Na koma kan ƙonannen akwatin, na kankare gawayi da buroshi, na samo nasa kiristal ɗin, na ciro shi na dasa a ɗan allon. Sai da muka ƙara wani ɗan gyara don masu kiɗa biyu su riƙa jiran juna wajen miƙa sitiyari. Wannan ya ci mana wuni guda.

Da muka sake dannawa, injin ya ɗauka a natse. Baba Nda ya rufe ido yana gyaɗa kai daidai da saukar allura. Aska ta fito da kaifinta, ta biyu ta biyo ta, tambari ya zagaye ya rufe. Matan gidan suka rangaɗa guɗa, wani tela ya ɗaga Oga sama, Oga na ihu a sauke shi.

Sai dai ni na ga wani abu. A gefen hagu na wuya, injin yakan ɗan tsaya kamar mai tunani, allura ta soki wuri ɗaya sau da yawa, sannan ya wuce. Lokacin ne baƙo ke ƙwanƙwasa wa maigida ya ɗebo masa sauran zane daga faifai. Wurin yakan bar ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero. Na nuna wa Hajiya, na ce ta ba mu lokaci mu gyara.

Ta kai ƙyallen kusa da ido, ta shafa da yatsa. “Wannan? Malam Haruna, wanda zai ga wannan sai dai matarsa, ita ma sai in suna shiri. Ku rufe akwatin nan kada iska ta shiga. A ɗaura shadda!”

Na naɗe ɗan allon da roba, na ɗaure shi a wani lungu cikin kwamfutar kusa da fanka, na huda gefe na sa makunni, sama na baƙo, ƙasa na maigida shi kaɗai. Na koya wa Baba Nda yadda zai kunna da yadda zai kashe, na sa Hajiya ta sayi abin daidaita wuta. Injin bai huta ba har jajibiri. Riguna suka fita kaf, ta ƙarshe direba na tsaye a ƙofa ana goge ta.

Zuba dai ban je ba. Hajiya Lami ba ta iya riƙe labari, duk wanda ya zo karɓar riga sai ta ja shi ta nuna masa akwatin ta ce ƙwaƙwalwa biyu ne a ciki. A haka mai gidan buga takardu ya ji, ya zo da matsalar tsohon injinsa na yanka. Bayansa mai gidan burodi, bayansa wani mai awon jini. Ashe garin cike yake da manyan injuna masu lafiya waɗanda 'yar tsohuwar kwamfuta ke riƙe da ransu, kuma babu mai kallonsu. Kafin wata damina na kama shagon nan da kuke zaune a ciki. Oga ya koma kan doyarsa, amma in aiki ya gagare ni nakan hau mota in same shi a gona, har Allah ya yi masa rasuwa. Kwamfutar kuma ta yi wa Hajiya aiki shekaru, sai da ta sayi sabbin injuna don kanta.

Don haka in na ce ku cire min cif ba tare da karya ƙafa ba, ba mugunta ba ce. Sauya allo kowa ma zai iya, muddin akwai allon a kasuwa. Ranar da aka kawo muku abin da babu irinsa, mai shi kuma yana tsaye a kanku da abincin gidansa a ciki, ranar za a san ko kun koyi aiki.

Ranar Sallar shekarar da muka gyara injin Hajiya, na je Idi da ɗan kaftanina. Na samu sahu bayan wasu manyan mutane, shadda sai ƙamshi take. Da aka sallame, wani mai ƙiba a gabana ya juyo yana gyara hannun riga, sai idona ya faɗa kan gefen hagu na wuyan rigarsa. Ga ƙwayar gero nan zaune. Na dubi na kusa da shi, shi ma ga ta. Na tashi na riƙa bin sahu ina leƙa wuyan mutane, ina murmushi ni kaɗai. Mai ƙibar nan ya lura na dawo kansa karo na biyu, na ma sunkuyo.

“Malam, lafiya kake leƙa ni?”

“Lafiya lau, ranka ya daɗe. Aikina nake dubawa.”

Ya dubi rigarsa, ya dube ni. “Kai tela ne?”

“A'a, ranka ya daɗe. Kwamfuta nake gyarawa.”

Mutumin ya sa hannu ya dafe aljihunsa, ya naɗe dardumarsa, ya ce min Allah ya ba da lafiya, ya yi gaba da sauri.